Yadda Sarƙa Ke Ɗaukar Nauyi: Gargaɗi Ga Masu Aiki Da Manyan Injuna A Fadamar Kirikasamma

Ƙaramar Hukumar Kirikasamma tana cikin ƙasar Haɗejiya ta Jihar Jigawa, a yankin da kogin Haɗejiya ke barin gaɓoɓinsa ya bazu cikin fadama. A wannan yanki ne ruwan kogin ke rabuwa ya bi hanyoyi uku, watau Marma wadda ta nufi tafkin Nguru, da Burum Gana, da kuma tsohon kogin Haɗejiya wanda ke gangarawa ya haɗu da kogin Jama'are. Nan ne kuma dajin Baturiya yake, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci, waɗanda aka ƙulla yarjejeniyarsu a Ramsar a shekarar 1971, shi kuwa aka shigar da shi a 2008. Tun kaka da kakanni mutanen wannan ƙasa manoma ne da masunta da makiyaya, kayan aikinsu kuwa ba su wuce garma da koma da kwalekwale da igiyar kaba ba.

Amma tun daga lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, sa'an nan aka kammala madatsar Challawa a 1992, sai zaman fadamar ya canja. Ruwan da a dā yakan zo da damina ya janye da rani, yanzu ya zama yana gudana kusan duk shekara, kacala ta samu wurin zama ta toshe magudanai, ambaliya kuma ta riƙa cin gonaki da gidaje kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Wannan ya jawo shigowar manyan injuna. Ana kawo injunan haƙa masu iya shiga ruwa don share kacala, ana aza kwalbatoci a hanyoyin da ruwa ya yanke, ana gina rijiyoyin burtsatse, ana kafa injunan ban ruwa da na casar shinkafa, ga kuma taraktoci da motocin ɗaukar amfanin gona waɗanda kullum ba su rasa kafewa cikin taɓo.

Duk waɗannan ayyuka akwai abu guda da ya haɗa su, shi ne sarƙa. Da ita ake sauke inji daga kan mota, da ita ake zura kwalbati cikin rami, da ita makanike ke ciro injin tarakta a ƙarƙashin bishiya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, nauyin da ke rataye a ƙugiya dabam, nauyin da sarƙa ke ji a jikinta dabam. Kayan tan biyu suna iya ɗora wa sarƙa jan tan ɗaya, suna kuma iya ɗora mata kusan tan huɗu, ya danganta ga yadda aka rataya su. A kan wannan bambanci ne ran mutumin da ke tsaye kusa da kayan yake.

Ba kowace sarƙa ce ta ɗaga kaya ba

Sarƙoƙin da ake sayarwa a kasuwa iri-iri ne. Akwai ta ɗaure ƙofa, akwai ta ɗaure kwalekwale, akwai ta ɗaure kaya a bayan tirela, akwai kuma wadda aka ƙera musamman don ɗaga kaya sama. A ido duk kamarsu ɗaya, amma ƙarfensu ba ɗaya ba ne. Sarƙar ɗaga kaya ana yin ta da ƙarfe wanda aka gauraya da wasu ma'adinai, bayan an ƙulla idanunta sai a gasa ta a tsoma cikin ruwa, a sake ɗumama ta da wuta mai awo. Maƙeran gargajiya sun san irin wannan aiki a wajen gatari da wuƙa, sai dai a masana'anta ana auna zafin daidai, ba da ido ake ƙiyasta shi ba.

Amfanin wannan gashi biyu ne. Na farko yana ƙara wa ƙarfen ƙarfi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, yana sa sarƙar ta miƙe kafin ta tsinke. Ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi ta ce lalle irin wannan sarƙa ta ƙara tsawo da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin ta katse. Watau tana yin gargaɗi, mai lura zai ga idanunta sun zama dogaye sun matse. Sarƙar banza kuwa takan karye farat ɗaya kamar busasshen kara.

Ana gane ta da tambarin da aka buga a jikin idanunta. In an ga lamba 8, ko 80, ko harafin T, to sarƙa ce mai daraja ta 80, wadda ita ce aka fi amfani da ita. In an ga 10 ko 100, ta fi wancan ƙarfi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan wannan, kowace sarƙar ɗaga kaya tana zuwa da ɗan allon ƙarfe a rataye kusa da babban zobenta, an rubuta kaurinta da yawan ƙafafunta da iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka. Sarƙar da ba ta da tambari, ba ta kuma da wannan allo, ba wanda zai iya rantsuwa a kan ƙarfinta, komai kaurinta.

Ga misalin iyakar nauyi ga sarƙa mai daraja ta 80, in an rataya ta tilo a miƙe. Mai kaurin milimita 8 tana ɗaukar tan 2. Mai milimita 10 tana ɗaukar tan 3.15. Mai milimita 13 tana ɗaukar tan 5.3, mai milimita 16 kuwa tan 8. Gaskiya ne sarƙar milimita 10 sabuwa ba za ta tsinke ba sai jan ya wuce tan 12, domin maƙeranta sun bar rata ninki huɗu tsakanin nauyin aiki da nauyin tsinkewa. Amma wannan rata an bar ta ne saboda fizga da tsufa da kuskuren ƙiyasi, waɗanda ba a raba aiki da su. Wanda ya ce bari ya ci daga cikinta da gangan ya riga ya cinye guzurinsa tun bai fita gari ba.

Buɗewar ƙafafu

Mafi yawan kaya ba a ɗaga su da sarƙa tilo. Akan yi amfani da mai ƙafa biyu ko uku ko huɗu, dukansu sun taru a babban zobe guda wanda ake saƙalawa a ƙugiya. Hankali yakan ba mutum cewa in ƙafa ɗaya tana ɗaukar tan uku, to biyu za su ɗauki tan shida. Wannan lissafi yana yin daidai ne kawai in ƙafafun biyu suna tsaye cak, kowace da ƙugiyarta. Da zarar sun taru a zobe guda sun buɗe kamar baki, lissafi ya canja.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa tare da wani ya san haka a jikinsa. In su biyu suka matso kusa da juna, hannuwansu na sauka a miƙe, bokitin ba ya da wani nauyi. In suka nisanci juna, hannuwan suka buɗe, sai kowa ya ji kafaɗarsa kamar za ta ɓalle, alhali ruwan bai ƙaru ko da ludayi ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne, wani kaso na ƙarfinsu ya tafi wajen jan juna, ba wajen ɗaga bokitin ba. Haka nan igiyar shanya, in aka ɗaure ta ta yi tsam, rigar da ba ta kai komai ba tana iya tumɓuke ƙusa daga bango.

A ɗauki injin ban ruwa mai nauyin tan 2, a rataye shi da sarƙa mai ƙafa biyu. In ƙafafun suna tsaye, kowace tana jin tan 1. In suka buɗe har kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 60, kowace tana jin wajen tan 1.15. A digiri 90 tana jin tan 1.4. A digiri 120 kowace ƙafa tana jin tan 2 cif, watau dukan nauyin injin, tamkar ita kaɗai ke ɗauke da shi. In aka ƙara buɗewa zuwa digiri 150, jan da ke kan kowace ƙafa ya kai kusan tan 3.9. Abin lura a nan shi ne, da farko ƙaruwar a hankali take tafiya, amma daga digiri 120 zuwa sama sai ta ruga a guje. Saboda haka ne ƙa'idar aiki ta hana wuce digiri 120 ko da wane dalili.

Shi ya sa allon sarƙa mai ƙafa biyu yake ɗauke da lambobi biyu. Mai kaurin milimita 10 an yarda ta ɗauki tan 4.25 muddin buɗewar ba ta wuce digiri 90 ba, daga nan zuwa digiri 120 kuwa sai tan 3.15, daidai da abin da ƙafa guda ke ɗauka.

Ma'aikacin da ke bakin kogi ba ya yawo da ma'aunin kusurwa, amma igiya ko tef sun isa. Sai ya auna tsawon ƙafar sarƙa guda, ya auna tazarar da ke tsakanin wuraren biyu da zai saƙala ƙugiyoyi a jikin kayan. In tazarar daidai take da tsawon ƙafar, kusurwar digiri 60 ce, aiki ya yi kyau. In tazarar ta kusa kai tsawon ƙafa ɗaya da rabi, an iso digiri 90. In ta kai tsawon ƙafa ɗaya da rubu'i uku, an kai maƙura, sai a nemo sarƙa mai tsawo. Gajeruwar sarƙa a kan kaya mai faɗi ita ce tarkon da ya fi kama mutane, domin a ido ta fi kama da mai ƙarfi, ga ta a ɗame.

Akwai wata illa kuma ta buɗewar ƙafafu. Ƙarfin nan da ke tafiya a kwance yana matse kayan daga gefe biyu. Tankin ruwa ko bututu mai sirara yana iya lotsewa tun sarƙar ba ta gaji ba. Maganin wannan shi ne a sa dogon ƙarfe a gicciye a sama, sarƙoƙin su sauko daga gare shi a miƙe.

Ƙafa huɗu, aikin uku

Mata sun daɗe da sanin dalilin da ya sa duwatsun murhu uku ne. Tukunya takan zauna daram a kan uku ko ƙasa ba ta daidaita ba, amma kujera mai ƙafa huɗu a kan ƙasa mai tudu da gangare sai ta yi ta rawa, ƙafa ɗaya na lilo. Haka sarƙa mai ƙafa huɗu take. Da wuya a samu dukan ƙafafun su yi tsawo ɗaya ba ko ɗan bambanci, kuma in kayan masu tauri ne, kamar falankin kankare ko gindin inji, ba za su lanƙwasa su raba nauyin ba. Saboda haka a lissafin masana, mai ƙafa huɗu da mai ƙafa uku nauyi ɗaya aka ba su. Ga sarƙar milimita 10, tan 6.7 ne in buɗewar kaɗan ce, tan 4.75 in ta yi yawa.

Duk wannan lissafi kuma ya tsaya ne a kan cewa nauyin kayan yana tsakiya. Janareta da injin casa ba haka suke ba, gefen da injin yake ya fi nauyi. In aka ɗaga irin wannan, kayan za su karkata har cibiyar nauyinsu ta zo ƙarƙashin ƙugiya, ƙafar da ta fi kusa da wurin nauyin ita za ta ɗauki mafi yawa. A irin wannan hali ƙa'ida ta ce a lissafa sarƙa mai ƙafa biyu tamkar mai ƙafa ɗaya ce.

Yadda aka ɗaura sarƙar ma yana da nasa hukunci. In aka zagaya ta jikin kaya aka mayar da ƙugiya aka saƙala a jikin sarƙar, irin ɗaurin zarge, sai a rage kashi 20 cikin 100 daga abin da allo ya ce. Kada kuma a bubbuga zargen da guduma don ya ƙara kamawa. Idon sarƙa an ƙera shi ne don a ja shi ta tsawonsa. In ya hau kan kaifin ƙarfe ko gefen kankare, nauyin zai lanƙwasa shi ta gefe, inda ba shi da ƙarfi. Guntun katako ko tsohuwar taya da aka sa tsakanin sarƙa da kaifin ya isa ya kawar da wannan. Ƙulli a jikin sarƙa, da murɗewa, da haɗa idanu biyu da noti ko waya don a rage tsawo, duk suna jawo irin wannan lanƙwasa. Kaya kuma su zauna a cikin ƙugiya sosai, kada su rataya a bakinta.

Taɓon fadama da fizga

Abin da ya bambanta fadama da filin masana'anta shi ne taɓo da ruwa. Kafin a ɗaga kaya dole a san nauyinsu. Ruwa mai cika akwatin mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi tan 1 ne, kankare mai wannan girma wajen tan 2.4, ƙarfe kuwa kusan tan 8. Falankin kankare mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, kaurin rubu'in mita, ya kai tan 1.2, daidai da buhun siminti 24. Amma kwalbatin da ya kwana cikin ruwa ya cika da yashi, ko bututun rijiyar burtsatse da ke cike da ruwa, sun fi abin da takarda ta nuna. Bugu da ƙari, taɓo yana riƙe abin da ya nutse a cikinsa, har jan da ake bukata don a ɓamɓaro shi ya zarce nauyinsa nesa. Wajibi ne a haƙe gefe a saki taɓon kafin a ja.

Fizga kuwa ita ce babbar abokiyar gabar sarƙa. Masana lissafin ƙarfe sun nuna cewa nauyin da aka saka wa sarƙa farat ɗaya yana ɗora mata ninki biyu na wanda aka aza a hankali. In kuwa kayan sun ɗan faɗo kafin sarƙar ta tare su, abin ya fi haka ƙwarai. Wannan ne haɗarin da ke cikin al'adar nan ta ciro motar da ta kafe, inda direban tarakta zai ja da baya sarƙa ta yi sako-sako, sa'an nan ya taho da gudu. In ido ɗaya ya ɓalle, ko ƙugiya ta buɗe, guntun ƙarfen yakan tashi kamar harsashi, ga shi kuwa a irin wannan wuri yara da 'yan kallo ba su rasa taruwa. Sarƙar da aka yi irin wannan ja da ita kada a sake ɗaga kaya da ita, ko da ba a ga wani lahani a jikinta ba.

Ƙwararrun ma'aikata sukan ɗaga kaya kamar taƙi ɗaya daga ƙasa su tsaya. A nan za a ga ko kayan sun karkata, ko wata ƙafa tana lilo, ko ƙasar da motar ƙugiya ta taka tana nutsewa. In akwai gyara sai a sauke a gyara. Mutum ɗaya tak ke ba direba ishara. Ba a tsayawa a ƙarƙashin kayan da ke sama, ba a kuma tura su da hannu, sai dai a ɗaura igiya a ja daga nesa.

Duba sarƙa da gyaranta

Sarƙa takan ci ne a lungun idanunta, inda ido ke gugar ido, wurin da ba a gani sai an sassauta ta an juya kowane ɗaya. Yashin kogi da ke maƙalewa a nan yana aiki kamar magagari. In kaurin ƙarfen ya ragu da kashi 10 cikin 100, watau sarƙar milimita 10 ta koma 9, aikinta ya ƙare. Haka kuma in an ga ido ya miƙe, ko ya lanƙwashe, ko ya tsage, ko tsatsa ta yi masa ramuka, ko idanun sun daina motsi a tsakaninsu, ko bakin ƙugiya ya buɗe fiye da kashi 10 cikin 100. Hanya mai sauƙi ita ce a auna tsawon kowace ƙafa ranar da aka saye ta a rubuta, a riƙa gwadawa. Bayan aiki a wanke ta, a shanya, a shafa mata mai, a rataye ta a inuwa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne kai sarƙar da ta tsinke wurin mai walda ko maƙeri. A zamanin dā, lokacin da ake yin sarƙa da ƙarfe mai taushi, dokar masana'antu ta Ingila ta 1937 ta wajabta a riƙa gasa ta lokaci-lokaci don ta saki. Sarƙar yau akasin haka take. In zafi ya wuce digiri 200 ƙarfinta ya fara raguwa, tsakanin 300 da 400 saura kashi 75 cikin 100, in ya haura 400 kuwa ta tashi daga aiki. Wutar walda ta ninka wannan sau da yawa. Idon da aka yi wa walda yakan fito da kyan gani, amma gashin da aka yi masa a masana'anta ya tafi, ƙarfin sarƙa duka kuwa bai wuce na idon da ya fi rauni ba. Ruwan batir ma yana cin wannan ƙarfe ta ciki, kada a ajiye su wuri ɗaya.

Hukuma ba ta bar wannan al'amari kara zube ba. Tun a 1864 majalisar Ingila ta yi dokar gwada sarƙoƙin angar jiragen ruwa kafin a sayar, saboda yawan jiragen da suka halaka. A Nijeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 ta tanadi cewa a gwada sarƙa da sauran kayan ɗaga nauyi kafin a fara aiki da su, a bayyana iyakar nauyinsu, wani masani kuma ya duba su aƙalla sau ɗaya cikin kowane wata shida. Sai dai sufeton masana'antu ya fi sauƙin samuwa a Bompai da Sharaɗa ta Kano fiye da bakin Marma. A fadama, mai duba sarƙa shi ne wanda zai yi aiki da ita.

Saboda haka ya kamata hukumomin da ke ba da kwangilar hanyoyi da magudanai da rijiyoyi a wannan yanki su sa sharaɗin sarƙa mai tambari da takardar gwaji cikin yarjejeniyarsu. Ya kamata ƙungiyoyin direbobin tarakta da na makanikai da na manoman rani su haɗa kuɗi su mallaki sarƙa ta gaskiya ko da guda biyu ce, su koya wa yaransu awon kusurwa da igiya. Masu unguwanni da dagatai kuma su taimaka wajen korar yara daga wurin da ake ciro mota ko sauke inji. Kuɗin sarƙa mai kyau bai kai na injin ban ruwa guda da ya faɗo ya fashe ba, balle a yi maganar ƙafa ko ran magidanci. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.